Babban Yatsan Inna Mai Awo

Ɗakin awo shi ne na ƙarshe a barandar asibitin unguwa, bayan ɗakin allura, kusa da famfon da ba ya daina ɗiga. Taga ɗaya gare shi, da benci biyu, da kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu inda ake ajiye katunan yara. A tsakiya akwai tebur, a kan teburin akwai sikeli mai farin faranti, wanda fentinsa ya goge a gefe ɗaya har ƙarfen ya fito yana sheƙi. Shekara talatin da ɗaya, mace ɗaya ce take tsayawa a bayan wannan sikeli. Iyaye suna kiranta Inna Mai Awo. Haka ma'aikata suke kiranta, haka ma waɗanda ta auna suna jarirai, da yanzu suke kawo mata nasu.

Ba ta yi karatun jinya ba. Da tsintsiya ta shigo asibitin, tana budurwa. Tsohuwar da take awo a lokacin idonta ya fara rauni, sai ta riƙa kiran mai shara ta duba mata inda allurar sikeli ta tsaya. Ranar da tsohuwar ta ajiye aiki, ba wanda ya yi shawara da kowa. Mai shara ta jingine tsintsiya a bayan ƙofa, ta wanke hannu, ta tsaya inda waccan take tsayawa.

Tana da nata salon. Kafin ta ɗora yaro sai ta goga tafin hannunta a farantin har sanyin ƙarfen ya tafi, sannan ta shimfiɗa wani tsumma mai laushi wanda gefensa yake saukowa ya rufe bakin farantin. Duk jariri namiji mijinta ne, duk mace ƙawarta ce.

"Kai, angon nan, haka za ka zo mini ba ko turare?" in ji ta. "To kwanta in ga ko ka isa riƙe gida."

Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu da wuri, ba ta haihu ba. Tana zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya a saman shagon mai gyaran agogo. Idan aka tausaya mata, sai ta ce ai ita hannunta ya ɗauki yaran da suka fi na kowace uwa yawa a garin nan, kuma ba wanda ya taɓa hana ta barci. Hannun nan kuwa ya koyi abin da sikeli ya sani. Tun daga bayan uwa zuwa faranti, taku uku kacal, ta riga ta san nauyin yaro, da wuya ta kuskure da giram hamsin.

Katin awo iri biyu ne. Akwai fari, na yaran da aka rubuta sunan uba a kansa. Akwai ruwan ɗorawa, na waɗanda a gurbin sunan uba aka ja ɗan gajeren layi. Masu katin ɗorawa sashen lafiya yana kula da su: ana ba uwa ɗaki a gidan masauki idan danginta sun rufe mata ƙofa, ana ba ta magani da madarar gwangwani, ana auna yaron kowace Laraba. A cikin kowane kati akwai hanya da aka zana tana hawa kamar tudu, a ƙarƙashinta akwai jan layi. Duk ranar awo ana sa ɗigo a inda nauyin yaro ya tsaya. Doka ta ce idan ɗigon yaro mai katin ɗorawa ya faɗa ƙarƙashin jan layi sau uku a jere, katin ya bar kabad ya hau bene, ofishin Malam Mai Fayil. Daga can kuma, abin da kowa ya sani a baranda shi ne, farar mota take zuwa ta kai yaro gidan riƙo.

Motar tana nan kullum a gindin bishiyar da take tsakar asibitin, hancinta yana kallon ƙofar fita. Inna ba ta taɓa bi ta gefenta ba. Ko ana ruwa, zagayawa take yi ta bayan ɗakin magani.

Tana da shekara biyar wata farar mota ta zo ta ɗauke ta. Ba wannan ba ce, amma warin kujerun ɗaya ne. Ta durƙusa a kujerar baya tana kallon uwarta ta gilashi, uwar tana gudu a tsakiyar titi da takalmi ƙafa ɗaya. Gida huɗu aka kai ta kafin ta girma. Biyu sun riƙe ta da kirki, biyu sun riƙe ta. Fuskar uwar ta ɓace mata tun tuni. Takalmin ne bai ɓace ba: shuɗi ne, na roba, igiyarsa ta tsinke.

Saboda haka ne Inna take da wani aiki da ba a rubuta a takardar ɗaukarta ba. Mai katin ɗorawa mutum biyu ne suke auna shi. Sista, ma'aikaciyar jinya, tana zama a gaba, idonta a kan allura, biro a hannunta. Inna tana baya tana tallafe da yaro kada ya mirgina. Idan hannunta ya gaya mata wannan ne karo na uku, sai babban yatsanta na dama ya lallaɓa ƙarƙashin gefen tsumman, ya hau bakin faranti, ya danna kaɗan. Giram ɗari, ɗari biyu. Allura ta ɗan matsa. Ɗigo ya sauka a saman jan layi, katin ya koma kabad, uwa ta goya ɗanta ta tafi gida. Yawanci mako biyu ko uku, yaron yakan farfaɗo da kansa, ya cike gurbin da yatsa ya ara masa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har iyayen. Wurin da fentin farantin ya goge, daidai faɗin yatsanta ne.

A damunar shekararta ta ƙarshe a bayan sikeli, wata yarinya ta fara zuwa da katin ɗorawa. Shekarunta ba su wuce ashirin da uku ba. Doguwa ce, bakinta bai iya shiru ba, a bayan hannunta akwai tabon ƙuna ƙanana ƙanana. Guga take yi a wani gidan wanki, don haka Mai Guga ake ce mata. Ɗanta wata uku, yana da manyan idanu da bakin da kullum yake buɗe sama, shi ya sa ta sa masa Ɗan Tsako.

"Inna, ga mijin naki," in ji ta ranar farko. "Amma ki sani ba ya da ko wando na kansa, aro muka yi."

"Ba komai, 'yata. Wanda na aura da fari ma haka ya zo."

"Shi wannan ko magana ba ya yi."

"Ai shi ne mijin ƙwarai."

Mai Guga ta yi dariya har ta dafa bango. Daga baya Inna ta ji labarinta a gutsure, kamar yadda ake jin labarin kowa a wannan benci. Uban yaron ya tafi neman aiki wani gari tun cikin yana wata biyu, lambarsa ta daina shiga. Yayanta ya fitar mata da akwatinta bakin ƙofa ya ce ta zo ta ɗauka kafin matarsa ta dawo. Yanzu tana gidan masauki, ɗaki na bakwai, ita da wasu biyu.

Laraba ta farko ɗigon Ɗan Tsako ya tsaya daf da jan layi. Ta biyu ya faɗa ƙasa. Ta uku ma ƙasa. Sista, wadda wata shida ke nan da aka turo ta, kuma take auna yara tamanin kafin azahar, ta sa shi cikin masu karɓar ƙarin madara, ta rubuta sunansa a jerin waɗanda likita zai gani ranar da zai zo ƙarshen wata.

"Sau biyu ke nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kin san dokar."

Mai Guga ba ta yi wasa da kowa ba a ranar. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon gindin bishiya.

Laraba ta huɗu Inna ta karɓi yaron daga bayan uwarsa. Taku ɗaya, biyu, uku. Hannunta ya gaya mata. Ta kwantar da shi, ta ja tsumman ta rufe masa ƙirji, ta ce farantin da sanyi yau. Yatsa ya tafi inda ya saba.

"Ya haye," in ji Sista. "Da kyar, amma ya haye."

Mai Guga ta sunkuya ta sumbaci tafin ƙafar ɗanta. "Ka ji ko, maras kunya? Da ka sa uwarka hawan jini."

Makon da ya biyo baya yaron bai cike gurbin ba. Inna ta ƙara dannawa, don hanya dole ta riƙa hawa, in ba haka ba Sista za ta tambaya. Mako na gaba ta ƙara. A wannan karo na uku Sista ta duba ɗigo uku da suka jeru suna hawa tudu, ta yi murmushi, ta ɗauki biro ta soke sunan Ɗan Tsako daga jerin likita. Ta soke shi daga masu ƙarin madara.

"Akwai waɗanda suka fi shi bukata," ta ce. "Sannu da ƙoƙari, Mai Guga."

Inna ta ji ƙarar biron a kan takarda har cikin haƙorinta. Ta ce wa zuciyarta mako mai zuwa zai farfaɗo, ai duk suna farfaɗowa.

A wannan makon ne aka kawo kwali. Masu kawo kaya biyu suka ajiye shi a kusurwar ɗakin, ƙarƙashin taga. Sabon sikeli ne, mai aiki da lantarki, wanda yake nuna lamba da kansa, kuma yake yin ƙara idan wani abu ya taɓa gefensa. Aka ce mai haɗawa zai zo farkon wata mai kamawa. Kwalin ya zauna nan a rufe. Iyaye suna ɗora jakunkuna a kansa. Inna tana share kewayensa ba ta taɓa shi ba, kamar yadda take zagaye motar.

Ran Litinin da rana, bayan an tashi, ƙafarta ta ƙi bin hanyar gida. Ta bi titin da yake bayan tashar mota, ta wuce masu faci, ta shiga gidan wanki. Zafi ya tare ta a ƙofa, da ƙamshin sabulu da na tufafi masu ɗumi. Riguna suna rataye a jere ba kai ba ƙafa, suna ɗan motsi duk da babu iska. A can ciki Mai Guga tana tsaye tana guge farar riga, tururi yana tashi yana rufe mata fuska.

"Inna? Yau amarya ce ta biyo ango har wurin aiki?"

"Na zo in ga ko yana cin amanata."

"Yana nan ƙasa. Leƙa."

A ƙarƙashin teburin guga akwai kwandon wanki da aka shimfiɗa wa tawul. Ɗan Tsako yana ciki, idonsa biyu. Bai yi kuka ba, bai yi motsi ba. Ya bi fuskar Inna da ido a hankali, kamar tsohon da aka tayar daga barci. Bakin nan da yake buɗe sama yanzu a rufe yake. Inna ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara. Ta kama fatar cinyarsa da yatsa biyu ta saki. Fatar ta daɗe kafin ta koma.

"Kin ga yadda ya yi hankali?" in ji Mai Guga daga sama. "Da, maigidan wankin nan har cewa yake zai kore mu saboda kuka. Yanzu sai ya manta akwai yaro."

"Yana sha?"

"Yana sha, sai dai ba ya riƙewa. Ya sha, ya dawo da shi. Ko ya fita ta ƙasa kamar ruwa." Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta goge gumi da gefen hannu. Muryarta ta sauka. "Inna, in gaya miki wata magana, kada ki yi mini dariya. Idan na goya shi, sai in ji kamar bayana ba kowa. Jiya a hanya sai da na kai hannu na taɓa, in tabbata yana nan. Na so in kai shi babban asibiti ran Asabar. Har na sa takalmi. Sai na ɗauko katin na duba, na ga hanya tana hawa. Na ce ke dai tsoro ne ya yi miki yawa, ke da kika san guga kawai, za ki fi sikeli sani ne? Za ki fi Inna?"

Tururi ya tashi ya bi rufin. Inna ta miƙe a hankali tana dafe da ƙafar tebur.

"Ki kawo shi ran Laraba da wuri," ta ce. "Kafin kowa."

"Lafiya dai?"

"Ki dai kawo shi."

Ranar Talata ta yi aikinta kamar kullum. Ta auri maza goma sha tara, ta yi ƙawaye ashirin da biyu. Tsakanin yaro da yaro idonta yana komawa kan kwalin. Kwana tara ya rage mai haɗawa ya zo. Idan ta bari, sabon sikeli ne zai faɗi maganar, kowa ya ce tsohon ne ya lalace, ba mai kallon hannun tsohuwa. Kwana tara. Ta tuna fatar da ta ƙi komawa. Ta tuna takalmin roba a tsakiyar titi. Duk inda ta juya, ɗaya daga cikinsu yana tsaye yana jiranta.

Laraba gari ya waye da hadari wanda ya ƙi zuba. Mai Guga ce ta farko a benci. Ta sa wa yaron hula mai kunnen zomo.

"Yau da kwalliya muka zo, Inna. Ki duba da kyau."

Inna ta goga tafinta a faranti. Ta ɗauki tsumman, ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta ninke shi ta ajiye a kan kabad. Ta karɓi yaron. Ba ta bukaci taku uku ba. Ta cire hular, ta cire riga, ta cire komai. Ta kwantar da shi a kan farin ƙarfe, haƙarƙarinsa a jere kamar haƙoran mataji. Sannan ta ja da baya, ta ɗaga hannayenta biyu ta harɗe su a ƙirji inda kowa zai gani.

Allura ta yi rawa, ta tsaya.

Sista ta duba allura, ta duba kati. Ta ƙwanƙwasa gilashin da biro. "Kilo huɗu da giram ɗari biyu? Makon jiya biyar da ɗari ɗaya ne." Ta ɗago kai, kuma a karo na farko cikin makonni ta kalli yaron da kansa. Fuskarta ta sauya. "Sikelin nan ya gaji, Inna. Tun yaushe yake mana haka? Gara da aka kawo sabo."

Ga ƙofar tsira an buɗe mata. Inna ta kalle ta.

"Sikeli lafiyarsa ƙalau, Sista. Ni ce."

"Ke ce me?"

Inna ta miƙa babban yatsanta, ta ɗora shi a wurin da fenti ya goge, ta danna. Allura ta hau, ta wuce huɗu da rabi, ta kai biyar. Ta ɗaga. Allura ta faɗo.

A waje famfo yana ɗiga.

"Tun yaushe?" in ji Mai Guga. Muryarta a kwance take.

"Mako uku, 'yata."

"Ranar da aka ce ya haye?"

"Bai haye ba."

Mai Guga ta matso, ta ɗauki ɗanta daga farantin, ta rufe shi da mayafinta. "Na gaya miki bayana ba kowa," ta ce. "Ke kaɗai na gaya wa."

Sista ta riga ta fita da katin a hannu. Aka ji takunta a kan matakalar bene.

Malam Mai Fayil ya sauko da kansa. Shekara goma sha biyu yana saman kan Inna, amma ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Gajere ne mai furfura, yana fama da gyambon ciki, kullum da ƙwayar magani a kumatunsa. Ya buɗe mayafin ya kalli yaron, ya juya ya ce a kira direba, babban asibiti, yanzu.

"Malam," in ji Inna, "ka rubuta cewa uwar nan ba ta taɓa fashin Laraba ba. Ka rubuta ta lura, ta yi magana. Laifin ba nata ba ne. Kada a raba su saboda ni."

Ya daɗe yana kallonta. "Me kika ɗauka nake yi da katin idan ya hau, Inna?"

"Mota kake turowa."

"Likita nake turowa. Cikin goma da suke hawa wurina, bakwai magani ne da madara da mai leƙa su a gida, su zauna da iyayensu. Ukun ma, riƙon na ɗan lokaci ne, kuma uwa tana zuwa. An sauya dokar tun kafin in zo." Ya tauna ƙwayar da take bakinsa. "Matakala goma sha huɗu ce tsakanina da ke. Kin taɓa hawowa kin tambaya?"

Ba ta taɓa ba.

Motar ta bar gindin bishiya ta zo bakin baranda. Mai Guga ta shiga baya da ɗanta a ƙirji, ba wanda ya hana ta. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin awo. Ta jira ko za a waiwayo ta gilashi. Ba a waiwayo ba. Hular mai kunnen zomo tana kan tebur.

Da aka sallami sauran iyaye, Sista ta rufe ƙofa, ta jingina da ita.

"Su nawa ne, Inna?"

"Na da, sun girma. Wasu kin ga 'ya'yansu a bencin nan."

"Duka?"

Inna ta kalli kabad. Akwai waɗanda suka daina zuwa, ta ɗauka ƙaura suka yi.

"Na yanzu fa?"

Inna ta ja aljihun kabad na uku. Ba ta karanta suna ba, yatsunta sun san wurin kowanne. Ta zaro katunan ɗorawa ɗaya bayan ɗaya ta jera su a kan farantin sikeli. Goma sha ɗaya. Allura ko motsi ba ta yi ba.

Ba a kai ta ko'ina ba. An ba ta takarda ta sa hannu cewa ta ajiye aiki saboda shekaru. Abu ɗaya ta roƙa, aka ba ta: a bar ta ta bi Sista gida gida, tunda ita ta san lungunan. Mako biyu suna yawo. Yara tara sun same su lafiya, sun cike gurbinsu. Ɗaya sai da aka kwantar da ita kwana huɗu. Ta goma sha ɗaya, wata yarinya 'yar wata biyar da Inna take kira Ƙawata Mai Dimple saboda ɗan ramin da yake kumatunta, sun tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin uwarta. Maƙwabciya ta ce sun tashi tun makon jiya, uwar ta samu aiki wani wuri, ta ce ai yarinyar ta warware, kati ya nuna.

Ɗan Tsako ya yi mako biyar a babban asibiti. Hanjinsa ne ba ya riƙe abinci. Likita ya ce da a makon farko aka kawo shi, da maganin kwana goma ne a gida. Yanzu kuwa sai an ba shi wata madara ta musamman duk bayan awa biyu, har wata shida, abin da mai tsayuwa a kan guga tun safe ba za ta iya ba. Aka ba da shi riƙo ga wata dattijuwa da take zaune kusa da makarantar firamare, wadda ta riƙe yara bakwai kafin shi. Mai Guga tana zuwa kullum idan ta tashi daga aiki, ta yi masa wanka, ta koma ɗaki na bakwai ita kaɗai.

Wata Laraba bayan ruwa ya ɗauke, Inna tana tsaye a bakin ƙofar asibitin da hular a jakarta, sai ga su Mai Guga sun fito. Dattijuwar ce take goye da yaron. Mai Guga tana biye a baya taku ɗaya, riƙe da jakar kayansa, ɗayan hannun ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Yaron ya yi kumatu. Bakinsa a buɗe yake sama, yana tsala kuka.

"Ke ce Inna Mai Awo ko?" in ji dattijuwar da fara'a. "An ce mijinki ne. Bari in sauke miki shi ku gaisa."

"A'a, Gwaggo," in ji Mai Guga. "Bar shi a bayanki."

Inna ta ciro hular ta miƙa. Mai Guga ta karɓa, ta juya ta, ta ga ta yi masa kaɗan, ta sa a jaka duk da haka.

"Kilo shida," ta ce. "Injin ne ya faɗa." Ta rufe jakar. "Saura wata huɗu da kwana tara ya dawo wurina."

"Allah Ya kai mu, 'yata."

"Amin."

Suka wuce. Kukan yaron ya yi ta raguwa har ƙarar titi ta shanye shi.

Inna ta buɗe jakarta ta taɓa takardar da Sista ta kwafa mata daga katin da ya rage, mai ɗauke da adireshi da sunan uwar Ƙawata Mai Dimple. Jiya wani mai sayar da ruwa ya ce ya ga mace mai kama da ita a unguwar da take bayan masaƙa, da yarinya a baya, yarinyar da ba ta kuka. Hanya mafi kusa ta tsakar asibitin take bi, ta gindin bishiya. Farar motar tana nan, hancinta yana kallon ƙofa. Inna ta gyara mayafinta, ta bi ta gefenta, kusa har ta ji warin kujerun, ta fita ta ƙaramar ƙofar baya.